Tiyatar Rage Ƙiba: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Mai karatu, ɗauki ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin wanda mai shayi ke hudawa, ka dube shi da kyau. Idan aka yi maka tiyatar rage tumbi, abincin da cikinka zai iya ɗauka a zama ɗaya, a watannin farko, bai kai cikin gwangwanin nan ba. Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita 1 zuwa 1 da rabi ba tare da wata wahala ba. Bayan tiyata sai ya koma mililita 100 zuwa 150, a wani nau'in aikin ma ƙasa da haka sosai. To amma hannun da ya saba yanko loma, da idon da ya saba ganin malmala biyu a kwano, da gidan da ya saba zuba maka, duk suna nan yadda suke. Likita bai taɓa su ba.

Idan kai mutumin Kankiya ne ko Kusada, ba a gida za a yi maka wannan aiki ba. Masu yinsa kan tafi asibitocin kuɗi a Abuja ko Legas, wasu su haura Indiya, Masar ko Turkiyya. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu, kwanciyar asibiti kuma ’yan kwanaki. Daga nan sai ka dawo gida, inda tuwo da fura da lemon biki ke jiranka har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa nake ganin babban ɓangaren shirin a gida ake yinsa, tun watanni kafin a sayi tikiti.

Na san wani zai ce, a jihar da yara ke fama da tamowa, wa yake ta ƙiba? Gaskiya ne tamowa ta fi yawa kuma ta fi gaggawa. Sai dai ƙiba mai tsanani ita ma tana nan, a wajen ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago, da ma'aikaciyar da gwiwarta ta daina ɗaukarta, kuma tana tafe da ciwon suga da hawan jini.

Me ake yankewa, kuma wa ake yi wa?

Nau'i biyu ne suka fi yawa. Na farko, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu mai kamar ayaba. Ana kiransa tiyatar hannun riga saboda siffarsa. Na biyu, a keɓe ’yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa bin ratse. Wannan na biyun ya samo asali ne daga aikin Dakta Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka, a shekarun 1960.

Likitoci suna amfani da ma'aunin da suke kira BMI: nauyinka a kilo, a raba shi da tsayinka a mita sau kansa. Mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 110, nasa ya kama 40. Tsohuwar ƙa'idar 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke da wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko babu wata cuta, daga 30 kuma idan akwai ciwon suga ko makamancinsa da ya ƙi jin magani. Ka ga ke nan ba aikin mai ɗan teɓa ba ne.

Kuma kada kowa ya ce maka ragwanci ne ya kai ka. A 2011 masu bincike a Jami'ar Melbon ta Ostareliya suka wallafa sakamakon wani gwaji: mutum 50 suka shiga tsarin rage cin abinci na mako 10, waɗanda suka kammala suka zubar da kilo 13 da ɗoriya a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna su, sai aka tarar girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, har lokacin yana sama da yadda yake tun farko, yunwar da suke ji ma haka. Wato jiki yana yaƙin mayar da abin da ya rasa. Mafi yawan girelin daga saman tumbi yake fitowa, ɓangaren da ake cirewa a tiyatar hannun riga. Saboda haka tiyata tana rage wuri, tana kuma rage kiran yunwa. Abin da ba ta ragewa shi ne sabo.

Mako biyu saboda hanta

Kusan duk inda za ka je, za a ɗora ka kan abinci mai ƙarancin kuzari na mako 2 zuwa 4 kafin ranar aiki, galibi kalori 800 zuwa 1,200 a rana, an rage sitaci da mai da sukari. Mutane da yawa suna ɗaukarsa jarrabawar haƙuri ce kawai. A'a, saboda hanta ake yi. Ɓangaren hagu na hanta kwance yake a kan tumbi kamar murfi, kuma yanzu ta ƙananan huji ake aikin, da kyamara da dogayen kayan aiki, dole sai an ɗaga hantar kafin a ga tumbi. Hantar mai ƙiba takan cika da kitse da sukarin ajiya, kowane giram na sukarin nan kuma yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Irin wannan hanta nauyi gare ta, ga saurin tsagewa da zubar jini. Idan ka rage sitaci, jiki sai ya cinye ajiyar, ruwan ya fita, hantar ta motse. Wani bincike na 2006, shi ma daga Melbon, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na motsewar a mako biyun farko take faruwa. Wanda ya ce bari ya yi bankwana da shinkafa da miya a satin ƙarshe, likitansa ya wahalar, kansa kuma ya jefa a haɗari.

Gargaɗi guda a nan: idan kana allurar insulin ko shan maganin suga ko na hawan jini, kada ka fara wannan tsari da kanka. Sukarin jini na iya faɗuwa har ka suma. Likita ne zai rage maka magani daidai da abincin.

Loma, ruwa da fura

Nan ne nake so mu daɗe, domin takardun da asibitocin waje ke rabawa ba su san tuwo ba.

Mu dai ba ma tauna tuwo. Ka yanko, ka mulmula, ka dangwali kuka ko kuɓewa, ka haɗiye. Santsin miyar ne ke raka shi. Ga tumbi mai lita ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga bututu mai faɗin yatsa kuwa, loma ɗaya irin ta da takan tsaya a ƙirji, ta kawo ciwo da amai. Sabon cin shi ne loma kamar girman goro ko ƙasa, a tauna sau 20 zuwa 30, a ajiye hannu tsakanin loma da loma, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da ke cikin kwano. Gwada yau da dare ka gani. Za ka ji kamar ana yi maka horo, kuma kafin ka kai loma ta biyar hannunka ya koma tsohon gudunsa ba da saninka ba. Wannan hannun ne ake so a horar tun tumbi yana da girman yafe kuskure.

Sai ruwa. Mun saba da kofi a gefen kwano, a ci a kora. Bayan tiyata ba a haɗa su: a bar ruwa kafin cin abinci kaɗan, a kuma jira minti 30 bayan an gama. Idan ka haɗa, ko dai ruwan ya cike wurin abinci, ko ya wanke abincin ya wuce da wuri, yunwa ta dawo. Duk da haka ana so ka sha aƙalla lita 1 da rabi a rana, da kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa ba. Yi tunanin watan Afrilu a Kusada, ka dawo daga rana maƙogwaro ya bushe, kuma ba ka da ikon shanye moɗa guda. Dole gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya tun safe. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni tsoro: fura. Tiyata tana tare abinci mai ƙarfi, amma abu mai ruwa wucewa yake kamar ba a yi komai ba. Fura da nono da sukari, kunun zaki, kunun gyaɗa, zoɓo mai zaƙi, shayi mai kauri, lemon kwalba wanda robar santilita 50 kan ɗauki sukari wajen cokalin shayi 12: mutum zai iya shan kuzarin yini guda ta wannan hanya da tumbi kamar ƙwai, yana kuma rantsuwa shi ba ya cin komai. Da yawan waɗanda ƙibarsu ke dawowa bayan shekaru ta irin wannan ƙofar take shigowa, da kuma ɗan ciye-ciyen da ba ya yankewa, cincin nan, biskit can. Ga wanda aka yi wa ratse akwai ƙari. Idan zaƙi ya afka cikin hanji lokaci guda, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa, bugun zuciya, jiri da gudawa. Wani kuma bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jininsa ya faɗi. Lemo mai gas kuwa kumbura ciki yake, a daina shi tun yanzu.

To me za a ci? Abin gina jiki a fara da shi, giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ka ga aikin ba ƙarami ba ne. Alhamdu lillahi, kasuwanninmu ba su rasa komai ba: ƙwai, wake, alala, awara wadda ba a soya ba, kindirmo ba sukari, kifi, farfesun kaza mai laushi. Tsire da kilishi su jira, busasshen nama yana maƙalewa. Tsarin kwano zai juye ke nan: wake ko kifi a gaba, ganye irin su zogale da rama a bayansu, tuwo ya zama ɗan rakiya.

Ba kai kaɗai ke cin abincinka ba

A wajenmu cin abinci lamarin jama'a ne. Ga ciyayya a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da kwanonsa; ga tire guda na mata da yara; ga suna da biki, inda ƙin cin abinci kan zama raini. Mai tauna sau 30 a ciyayya, kafin ya gama ta biyu an sauke kwano. Ki je gidan surukai ki ci cokali uku ki ajiye, sai an tambaya ko lafiya. Sannan ga yadda muke kallon jiki: wanda ya yi ƙiba an ce hutu ya karɓe shi, wanda ya rame a fara raɗe-raɗin ciwo ko sammu. Garin da ake sayar da sha-ka-fashe don amare su ciko, ba nan ne za a yi maka tafi don ka zube ba.

Saboda haka wasu kan ɓoye tiyatar. Haƙƙinka ne ka ɓoye wa gari, amma a ganina ɓoye wa mai dafa maka abinci ganganci ne. Ita ce za ta tace maka romo a makon farko da ba a shan komai sai ruwa-ruwa, ta dama maka mai laushi a makonnin da ke biye, har a kai mako 6 zuwa 8 da ake komawa abinci sosai. Ki zauna da maigida tun yanzu a kan maganar haihuwa: ana so a jinkirta ciki wata 12 zuwa 18, ga shi kuma zubar ƙiba kan sa a ɗauki ciki da wuri, ƙwayar tazarar haihuwa ta sha kuma ba abin dogaro ba ce sosai bayan ratse. Azumi ma a sa shi a lissafin zaɓen rana. Likitoci da dama suna ba da shawarar a ɗaga shi a watanni 6 zuwa 12 na farko. Tambayi likitanka, ka tambayi malaminka.

Akwai kuma tambayar da kai kaɗai za ka iya amsawa. Ɗauki littafi, mako biyu kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, da lokacin, da halin da kake ciki. Yunwa ce, ko ɓacin rai, ko kaɗaici, ko don an ajiye ne a gabanka? Idan abinci ne ke rarrashinka in an ɓata maka, ranar da aka rage tumbi an ɗauke mai rarrashin, ɓacin ran kuma yana nan. Shi ya sa cibiyoyin kirki ke haɗa mutum da likitan ƙwaƙwalwa kafin aiki. Ba hauka ake zarginka da shi ba. Ana neman damuwa mai tsanani ne, da cin da mutum ba ya iya tsayarwa, don a fara maganinsu tukuna.

Daidaita burinka kuma. Yawanci akan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin jiki cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 110 ya sa ran wajen 80, ba 60 ba. Fata za ta saki, gashi kan zube tsakanin wata na 3 da na 6 sannan ya dawo. Ribar gaske tana wajen suga, hawan jini, gwiwa da numfashin barci. Babban binciken Suwidin da aka fara a 1987, mai mutum sama da 4,000, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi takwarorinsu ƙarancin mace-mace a tsawon shekaru.

Taba da shisha a bar su aƙalla mako 6 kafin aiki, suna hana ɗinki warkewa. Haɗin maganin gajiya na kemis shi ma a yi sallama da shi, domin yawanci akwai dikilofenak ko aibufurofin a ciki, su kuma suna haddasa gyambo a sabon tumbi.

Kafin ka biya ko sisi, ka san wa zai duba ka idan ka dawo. Za ka sha bitamin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, wataƙila da allurar B12, har abada, kuɗinsu kuma kowane wata ne. Za a riƙa auna jininka a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. Awon yawan jini, suga da hawan jini ka fara nemansu a Babban Asibitin Kankiya. Na bitamin kuwa ka shirya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Malam Aminu Kano, ka buɗe kati tun kafin tafiya. Ka karɓo rubutaccen bayanin aikin da aka yi maka, da Turanci, da lambar da za a kira likitan. Mutanen gida kuma su haddace alamomin da ba a kwana da su: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu mai tsanani, da aman da ya ƙi tsayawa. Amai na kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa cikin ’yan makonni. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, a nemi mota a kama hanyar Katsina ko Kano a daren, da takardar a hannu.