Yadda Ake Ɗaura Lambar Babur Ta Zauna Daram

Zuwa ga hakimai da malamansu.

Sanin kowa ne doka ta wajabta wa mai babur ya ɗaura lamba a baya, inda za a iya karanta ta dare da rana. To, amma hanyoyin rangadi gargada gare su. Jijjiga takan tsaga lambar daga bakin hudar noti, har wata rana ta faɗi a daji mai ita bai sani ba. Idan kuwa ɓarawo ya tsince ta ya aikata ɓarna da ita, wanda sunansa ke cikin rajista shi za a fara nema. Maganin wannan shi ne a ƙera wa lambar mazauni na ƙarfe, aikin da kowane maƙeri zai iya.

Da fari a aza lambar bisa kwali, a zana girmanta da hudojinta. Sa'an nan a kai wa maƙeri ya yanko falle na ƙarfe daidai da zanen, mai kaurin milimita 2 ko 3, ya bar masa hannu biyu waɗanda za su kama jikin babur. A goge bakinsa da magagari don kada ya yanki mutum, a shafa fenti saboda tsatsa. Noti mai kaurin milimita 6, watau wanda sifana mai lamba 10 ke kamawa, ya isa. Tsakanin lamba da mazauninta a sa guntun tsohuwar robar taya, gama ita ce ke shanye jijjiga.

Abu uku lalle a kiyaye. Kada a lanƙwasa lambar ko a datse ta; ƙarfen ne ake gyarawa ya dace da ita. Kada a kusanta ta da salansa, zafi yana ƙona fenti. Kuma a tabbata fitilar baya tana haska ta.

In an gama, mutum biyu su hau babur ɗin, wani ya duba ko taya na neman gogar ƙarfen, domin nauyi yana sa bayan babur ya sauka. Bayan rangadin farko a sake ƙara wa notin ƙarfi.

Ana roƙon malamai su karanta wa masu babur na gundumominsu wannan bayani ran kasuwa.