Koyar da yara a gida: Daga ina iyaye ke farawa?

A Amurka da Birtaniya akwai iyayen da suka yanke shawarar cewa 'ya'yansu ba za su je makaranta ba, su da kansu za su koyar da su a gida.

Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa yara kimanin dubu 850 ne ke karatu a gida a shekarar 1999, kuma adadin ya kai miliyan ɗaya da rabi a 2007. Rufe makarantun da aka yi a lokacin annobar korona a 2020 ya ƙara yawansu matuƙa.

Dalilan da iyayen suka fi bayarwa su ne fargabar yanayin makarantu da kuma son tarbiyyantar da yara bisa addininsu. Akasarinsu Kiristoci ne, amma akwai Musulmi a cikinsu.

Da dama kan fara wannan tunani tun yaro yana ɗan shekara biyu ko uku.

Abin da doka ta ce

A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro, ko dai a makaranta ko ta wata hanya, kuma wajibcin ba ya hawa kansu sai ya cika shekara biyar. A Amurka an halatta karatun gida a dukkan jihohi 50, kodayake ƙa'idoji sun bambanta.

Sai dai ba haka abin yake ba a Jamus, inda zuwa makaranta tilas ne, matakin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da shi a 2006.

A Faransa kuwa, tun 2019 neman ilimi ya wajaba daga shekara uku, kuma daga 2022 sai an samu izinin hukuma kafin a koyar da yaro a gida.

Wace hanya za a bi?

Wadda ta fi shahara ita ce ta Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907.

A tsarinta, yaro ne ke zaɓar abin da zai yi daga kayan da aka jera masa daidai tsayinsa: ya zuba ruwa daga buta zuwa kofi, ya ɓalla maɓalli, ya share ƙasa, ya shafa haruffa masu kaushi da yatsa tun kafin ya riƙe fensir. Aikin babba shi ne ya nuna, sannan ya ja da baya ya sa ido.

Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2006 ya gano cewa 'yan shekara biyar na wata makarantar Montessori a birnin Milwaukee sun fi takwarorinsu a karatu da lissafi. Amma a makaranta aka yi binciken, ƙarƙashin ƙwararrun malamai, ba a gida ba. Haka kuma sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, don haka 'yan kasuwa ke liƙa shi a kan kayan wasa masu ɗan karen tsada, alhali buta da tsintsiya sun wadatar a wannan mataki.

Charlotte Mason, malama 'yar Birtaniya da ta wallafa littafinta kan ilimin gida a 1886, ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro don darasi kafin shekara shida. Ta fi son ya shafe sa'o'i a waje yana lura da tsirrai da tsuntsaye, a kuma riƙa karanta masa labarai masu ma'ana.

Tsarin Waldorf, wanda Rudolf Steiner ya assasa a Stuttgart a 1919, na jinkirta koyon karatu har wajen shekara bakwai. An gina shi ne a kan wata falsafar ruhaniya ta Steiner, abin da ya kamata iyaye masu kishin addini su bincika kafin su runguma.

Akwai kuma mabiyan John Holt, malamin nan Ba'amurke, waɗanda ba su yarda da manhaja ba kwata-kwata.

Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce a tsare ɗan shekara biyu da littafi da biro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2019, ta ce yaro mai shekara ɗaya zuwa huɗu na buƙatar aƙalla sa'o'i uku na motsa jiki a kullum, kuma kallon talabijin ko waya kada ya wuce awa guda ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu.

Ƙalubale

Masu sukar karatun gida na cewa yaro kan rasa cuɗanya da sa'o'insa, kuma matsalar ji ko jinkirin magana da malami zai iya ganowa da wuri kan ɓuya. Magoya baya na mayar da martani da cewa iyalai kan haɗu su kafa ƙungiyoyi, yara su yi wasa tare.

Sai kuma batun kuɗi. Galibi ɗaya daga cikin iyayen, yawanci uwa, kan ajiye aiki ko ta rage shi, kuma a Ingila iyaye ne ke ɗaukar nauyin komai, har da kuɗin jarrabawar GCSE idan yaron ya kai shekara 16.