Wai Mai Aikin Ofis Ya Shiga Inuwa?

A Kafanchan, in yaro ya samu aikin ofis ko na kwamfuta, addu'ar manya kusan ɗaya ce, ko daga masallaci suka fito ko daga coci: an gode Allah, ya rabu da rana, ya shiga inuwa. Ni ma da ita aka sallame ni. Kawuna, tsohon ma'aikacin reluwe, ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, kai kam ka tsira. Biro bai taɓa cire wa kowa yatsa ba."

Ban raina wannan magana ba, don na san inda ta samo asali. Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920, Kafanchan ta zama mahaɗa, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, iyayenmu suka san aikin da ke cin naman mutum: haɗa taragu, ɗaukar ƙarfe, zuba gawayi a bakin wuta. Manomin citta a Kachia ko Kwoi ya san saran maciji da ciwon ƙugu. Ɗan acaɓa a hanyar Kagoro ya san abin da kwalta ke yi wa fata. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya hango mai zaman kujera a ƙarƙashin fanka ya ce hutu yake yi, yana da hujjarsa.

Sai dai, Kawu, a yi mini haƙuri, a nan zan saɓa. Haɗarin reluwe yana da ƙara, yana da jar tuta da usur, shi ya sa aka yi masa ƙa'ida aka horar da ku a kanta. Na ofis a ɓoye yake zuwa, kuma tunda mun riga mun yarda babu shi, ba wanda ya yi masa tanadi.

Akwai wani shagon buga takardu da na saba zuwa, ba sai na kama suna ba, irinsa sun cika gari. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta huɗu da injin fotokwafi, ɗaliban kwalejin Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna suna layi a buga musu aikin kammala karatu. In an ɗauke wuta sai a ta da janareta, wanda ke lungun baya, ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen taga saboda ɓarayi. Tagar kuwa a buɗe take, don zafi. Yarinyar da ke bugun takardu kullum in la'asar ta yi sai ta kama goshi: kai na sara, ga jiri, ga tashin zuciya. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ta koma kemis aka ce taifot ne, ta sha nasa. Amma duk ranar da ba ta je aiki ba garau take wuni. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo yin fotokwafi ce ta dube ta, ta saurari ƙarar da ke bayan bango, ta ce, "Ƙanwata, ina bakin salansar injin nan yake kallo?" Ashe tagar yake kallo, tazararsu ba ta kai kamu biyu ba.

A cikin hayaƙin janareta akwai wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da launi ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su fara rasa abin da suke rayuwa da shi. Kaɗan-kaɗan tana kama da zazzaɓi. Da yawa a rufaffen ɗaki kuwa, barci take sa mutum, wanda ba a tashi. Mun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari aka tarar da gawarwakinsu, janareta na cikin gida. Guba ɗaya ce, ba ruwanta da cewa nan wurin aiki ne. Masana suna cewa a nisanta injin da ƙofa da taga kamar mita 6, a fili, salansa na kallon waje. Mai shagon ya gina wa nasa keji a tsakar gida, ciwon kan yarinyar ya tafi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa sun koma hasken rana da batura. Abu ne mai kyau, ina murna da shi. Amma je ka duba inda ake jibge baturan: ƙarƙashin tebur, kusa da tarin takardu, an ja musu siririyar waya, soket guda na ɗauke da firinta da fanka da cajar waya goma. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, yana bukatar wurin da iska ke ratsawa. Ranar 16 ga Satumban 2025 gobara ta tashi daga ɗakin na'urorin ajiye wuta a ƙasan benen Afriland da ke Legas. Mutum goma suka rasu, ma'aikatan hukumar tara haraji ta ƙasa da na wani kamfanin hada-hadar kuɗi, masu kwat da lakatayi, kuma hayaƙin da ya cika benen ne ya fi yin ɓarna. Idan haka ta faru a ginin da ke da masu gadi da injiniyoyi, mu masu ɗaki ɗaya da ƙofa ɗaya ai gemun ɗan'uwanmu ne ya kama da wuta.

Zancen ƙofa ɗaya shi ya fi taɓa ni. Ba wanda zai zargi mutumin Kafanchan don ya sa ƙarfe a taga ya ƙara kwaɗo a ƙofa. Mun ga 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya cinye babbar kasuwarmu. Mun kwana cikin dokar hana fita ba sau ɗaya ba. Mai POS da ke riƙe da tsabar kuɗi yana da dalilin shiga keji. Amma ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana ka fita ranar da hayaƙi ya tare ƙofa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, ana tara yara sama da ɗari biyu a zaure guda, wayoyi na bin ƙarƙashin ƙafafunsu. Duk mai irin wannan zaure ya tambayi kansa: ƙofar baya a buɗe take, ko makullinta na aljihun manajan da ya tafi cin abinci? Tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bango, yaushe rabon a duba ta, kuma wa ya iya cire mata fil? Wutar lantarki ba a watsa mata ruwa, a fara kashe babban makunni. Ma'aikata nawa aka taɓa gaya wa haka?

Ko babu gobara, zaman ma yana cin jiki. Kallon allon kwamfuta yana rage ƙifta ido, in hunturu ya ƙara nasa sai ido ya bushe ya yi ja. Kujerar roba ta biki da ake yi wa zaman awa goma tana barin tabonta a wuya da gadon baya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa doguwar awar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Lissafa awannin yaron shagon kwamfuta daga bakwai na safe zuwa tara na dare, kwana shida.

Wasu za su ce tsautsayi ba a sa masa rana, abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Na yi imani da haka. Amma Kawu mai wannan imanin bai taɓa shiga tsakanin taragu ba tare da an ɗaga tuta ba, kuma ba wanda ya ce masa ya rasa tawakkali.

Dokar ƙasa ma ba ta ware mai biro ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi na gwamnati da na masu zaman kansu, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma ta haɗa har da cutar da aiki ya jawo da hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki. Yawancin akawu da masu buga takardu da na sani ba su taɓa jin labarinta ba.

Roƙona ga masu shaguna da shugabannin ofisoshi, daga sakatariyar ƙaramar hukumar Jama'a har Zonkwa da Kwoi: a fitar da janareta fili, a raba batura da takardu, a sa ƙarfen taga ɗaya ya zama mai buɗewa ta ciki, a rataye makullin inda kowa ya sani. Iyayenmu kuma, in ɗanku ya dawo daga ofis yana riƙe da kai, kada ku ce masa me ya yi da zai gaji. Ku tambaye shi inda janaretansu yake.