Mai Nazari Ɗaya Tilo a Sabon Kamfani: Aikinsa da Haɗarin Dogara da Shi

FATAKWAL: Unguwar masana'antu ta Trans-Amadi a Jihar Ribas ta yi suna da kamfanonin da ke yi wa masu haƙar mai hidima, kuma a da mayankarta ta daɗe tana tara fataken shanu daga Arewa. Ɗan kasuwar da ya yi niyyar kafa sabon kamfanin da zai riƙa haɗa masu kaya a Arewa da masu saye a Fatakwal, Anacha da Inugu ta hanyar kwamfuta da wayar hannu, zai buƙaci wani ma'aikaci da ake kira mai nazarin kasuwanci da tsarin na'ura.

A manyan kamfanoni aikin nan na mutum biyu ne. Na farko shi ke zama da masu kamfani da abokan ciniki, ya gano yadda kuɗi da kaya ke shiga da fita, ya rubuta abin da ake bukata. Na biyu kuwa shi ke mayar da wannan bukata zuwa tsarin da masu rubuta manhaja za su bi. Ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin biyan albashi biyu, saboda haka yakan ɗora wa mutum ɗaya duka nauyin.

Alal misali, a ɗauki kamfanin da ke jigilar albasa daga Aliero ta Jihar Kebbi zuwa Fatakwal. A wurin saye da buhu ake ciniki, amma otal ɗin da zai karɓi kayan yana iya neman a auna masa da kilo. Albasa takan rage nauyi a hanya, wata kuma ta ruɓe. Akwai la'adar dillali, da kuɗin mota, da na 'yan dako, sa'an nan yawancin cinikin bashi ne da ake biya bayan an sayar. Idan mai nazari bai rubuta waɗannan abubuwa tun farko ba, manhajar za ta nuna riba a inda aka yi asara. Haka abin yake a cinikin shanu irin na kasuwar Lokpanta da ke kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, inda maganar dillali ke tsayawa a matsayin rasit.

Bayan al'adar kasuwa, dole ne ya san doka. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, kuma ba kowane kaya ake ɗora wa shi ba, don haka tilas tsarin ya bambanta su. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai tara sunaye da lambobin abokan ciniki ya adana su da kyau, kuma tarar ƙaramin kamfani tana iya kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Har ila yau, dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2022 ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, muddin ya sami shaidar rajista a ƙarƙashinta.

Haɗarin dogara da mutum ɗaya iri uku ne. Na ɗaya, babu mai duba aikinsa, kuskurensa sai ya shiga cikin manhaja kafin a gane, gyara kuwa a lokacin ya fi tsada. Na biyu, yana tsakanin maigida mai son ƙari kullum da masu rubuta manhaja masu neman a tsai da magana ɗaya. Na uku kuma shi ne mafi muni, watau ilmin kamfanin ya taru a kansa kaɗai, ranar da ya ajiye aiki a rasa wanda ya san dalilin da aka yi abu kaza.

Maganin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Duk bukatar da aka amince da ita a rubuta ta, maigida ya sa hannu, a jera su bisa muhimmanci. Akawun kamfani ya riƙa gwada lissafin na'ura da na littafi a kowane wata. A gwada sabon tsari da abokan ciniki kaɗan kafin a buɗe wa kowa. Takardun tsarin da kalmomin sirri su kasance da sunan kamfani, a hannun mutum biyu aƙalla. Ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023 ya tura dubban 'yan kasuwa zuwa biyan kuɗi ta waya cikin 'yan makonni. Kamfanin da ya rubuta tsarinsa a takarda zai fi sauƙin juyawa idan irin wannan canji ya sake zuwa.