GARGAƊI GA IYAYEN YARA MASU CIWON DAJI: ZAZZAƁI BA YA JIRAN GARI YA WAYE

Iyaye da masu jinya, duk yaron da ake yi wa maganin ciwon daji na kemo, idan jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna digiri 38 ko fiye, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari mu ga safiya.

Ga dalili. Maganin da ke kashe ƙwayoyin dajin yana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi ƙarin maganin. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro zai shanye ba tare da ya kwanta ba tana iya shiga jinin yaron naku ta kashe shi cikin 'yan sa'o'i. Likitoci suna so a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da isowarsa. Saboda haka kuna shiga ku ce: "Yaron nan yana kan kemo, kuma yana zazzaɓi." Ku riƙe katinsa a hannu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saurin cewa "maleriya ce" a wuce kemis. Tana iya zama ita, amma gwaji ne zai faɗa. Farasitamol yana ɓoye zafin ya bar cutar tana ci, don haka a auna, a kira ma'aikacin lafiya kafin a ba shi. Asfirin da ibufurofen kuwa kada a ba shi sam, suna ƙara haɗarin zubar jini. Haka tsaga, ƙaho da cire beli: a dakatar da wanzami. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, amai ba ƙaƙƙautawa ko yawan barcin da ba a saba gani ba, duk na asibiti ne.

A nisanta shi da mai ƙyanda, ƙarambau ko tari. Masu zuwa dubiya su wanke hannu da sabulu, mai mura ya yi gaisuwarsa daga waje. Abinci a dafa shi ya nuna sosai, ruwa a tafasa. Kafin kowace allurar rigakafi a tambayi likitansa.

Kada kuma a yanke magani: don kumburin dajin ya sace, ba yana nufin an warke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na irin yaran nan suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma yanke magani a tsakiya yana cikin dalilan.

Ku sayi ma'aunin zafi yau, ku rubuta lambar wayar ɗakin jinyarsa a bango, ku kuma shirya da mai abin hawan da zai amsa kiranku cikin dare. Allah ya ba yaranmu lafiya.