Ko ka sani? Yadda kwamfuta ke fama da dogayen kalmomin Denmak

Idan layi ya cika a shafin jarida, kwamfuta ce ke yanke kalmar ƙarshe, ta sa mata ɗan karan ɗori, ta kai saura layi na gaba. Ba ma'anar kalmar take dubawa ba. Dabarar da manhajoji da yawa ke bi ta fito ne daga aikin Frank Liang a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1983: ana ba na'ura dubban guntayen haruffa da lambobi a tsakaninsu. Lambar da ba ta rabuwa biyu daidai tana ba da izinin yanka, mai rabuwa tana hanawa, babbar lamba kuma ita ke rinjaye.

A harshen mutanen Denmak kuwa, sai an yi da gaske. Su suna harhaɗa sunaye ne su zama kalma guda, ba tazara. Ga wata mai haruffa 51 da aka san ta da tsawo: speciallægepraksisplanlægningsstabiliseringsperiode, wato wa'adin daidaita tsarin aikin ƙwararrun likitoci. Ba kullum ake cin karo da irinta ba, amma gajerun ma suna da nasu tarkon.

Ƙa'idarsu ita ce a yanke a mahaɗa. To ina mahaɗar take? Sau da yawa akwai wani ɗan harafi da ke riƙe ɓangarorin, s ko e, kuma na ɓangaren farko ne. Landmand manomi ne. Landsmand kuwa ɗan ƙasarku. Dole a rubuta lands-mand. Idan s ya zame ya koma layin ƙasa, mai karatu zai tsaya yana laluben abin da ake nufi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne vandring. Yana nufin doguwar tafiya a ƙasa, amma da haruffan nan dai ana iya haɗa vand, ruwa, da ring, zobe. A baki ba a rikicewa. Mai maganar tafiya yana furta d sarai, gaɓar ƙarshe kuma ba ta da nauyi. Mai maganar ruwa yana haɗiye d ɗin, ya ɗora babban nauyi a ɓangaren farko, ya bar wa na biyu ɗan kaɗan. Duk wannan kunne ne ke kama shi; haruffa tsurarsu kawai na'ura ke gani.

Akwai kuma laifin da ake yawan ɗora wa manhajar gyaran rubutu: idan ba ta san haɗaɗɗiyar kalma ba, sai ta ja mata jan layi, marubuci ya raba ta biyu don a zauna lafiya. Nan take engelsklærer, mai koyar da Turanci, ya koma engelsk lærer, malami ɗan Ingila, ko da kuwa lissafi yake koyarwa.