Riga-kafi Ya Fi Magani: Ra'ayin Malaman Firamare Kan Ladabin Yara

Idan ka zauna da malaman da suka daɗe suna riƙe alli a firamare, a Dutsi ne ko Shargalle ko sauran garuruwan shiyyar Daura, za ka ji bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa rashin jin yaro ba daga sama yake faɗowa ba. Yana da ƙofofin da yake shigowa, kuma malamin kirki ƙofar yake tsarewa tun kafin ɓarna ta auku.

Ƙofa ta farko ita ce zaman banza. Yawancin faɗa da zage-zage da ɗauke-ɗauken fensir suna faruwa ne sa'ad da malam ba ya cikin aji, ko yana ciki amma bai shirya darasi ba. Malamin da ya shigo a kan lokaci, ya kira rajista, ya ba kowa abin yi, to ya rage wa kansa rabin wahala.

Ta biyu cunkoso. Tun da aka soma shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, sannan UBE a 1999, yara suka yawaita a makarantu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma ka san ajujuwa da yawa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Dabarar malamai a nan ita ce su haddace sunan kowane yaro, su dawo da masu surutu gaba, su kuma ɗora wa mai ƙiriniya wani nauyi, kamar monita ko share allo. Sau da yawa yaron da aka ba amana sai ya natsu.

Ta uku yunwa da gajiya. Yarinyar da ta yi talla har dare, ko yaron da ya biya gona da sassafe a damina, in ya yi gyangyaɗi ko ya makara, ba lallai taurin kai ba ne. Tambaya ake fara yi kafin hukunci.

Ta huɗu rabuwar kai tsakanin gida da makaranta. Yaranmu da yawa suna boko da safe, Islamiyya da yamma. In malamin boko ya hana abu, na Islamiyya ya kau da kai, uba kuma ya goyi bayan ɗansa, yaro zai gane inda ɓaraka take. Amfanin taron iyaye da malamai ke nan.

To, ina matsayin bulala? Wannan tambaya tsohuwa ce. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a 870 Miladiyya, ya rubuta littafin Adabul Mu'allimina, inda ya taƙaita dukan yaro ga bulala 3 sai da izinin uba, ya kuma hana duka cikin fushi ko a fuska. Imamul Gazali a cikin Ihya'u ya yi nasiha a yaba wa yaro in ya kyautata, a kau da kai daga kuskurensa na farko, in ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, a kuma bar shi ya yi wasa bayan karatu. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara da kasala, domin tsoro ke sa shi ɓoye abin da ke ransa.

Ka ga ashe abin da malamanmu suka gano cikin aji, magabata sun riga sun faɗe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, don wanda ya matsa da ƙarfi karya shi zai yi.

Saboda haka ya kai uba, ka leƙa makarantar ɗanka ko da sau ɗaya a wata, kada ka jira sai hedimasta ya aiko. Kai kuma malam, ka tuna idon yara yana kanka: in kana zagi za su yi zagi, in kana makara za su makara. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.